Tayar daji: AT ko MT, da yawan iskar da za a ba ta

Mai neman taya don motar da ke ja da ƙafa huɗu yakan fara duba haƙora, wadda ta fi zurfin zane ita ce ke ɗaukar masa ido. Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce: cikin kowace kilomita 100 da motar ke yi, nawa ne a kan kwalta, nawa ne a laka, dutse ko rairayi?

Tayar AT (All-Terrain, wato ta kowace irin hanya) haƙoranta a matse suke, kowane haƙori da 'yan tsage-tsagen da ke taimaka mata riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta. Ba ta cika ƙara ba, tana daɗewa, kuma tana yin abin da ake so a tsakuwa da rairayi. Inda take kasawa shi ne laka mai danƙo: ramukan su cika, taya ta koma sumul, ta yi ta juyi wuri ɗaya. MT (Mud-Terrain, wato ta laka) kuwa ramukanta masu faɗi ne, tana juyawa tana watsar da laka, haƙoranta sun gangaro har kafaɗa don kama bakin rami ko gefen dutse. Sai dai tana gunji a kwalta, tana saurin cinyewa, tana ƙara shan mai, kuma in an taka birki cikin ruwan sama motar takan ƙara nisa kafin ta tsaya. A rairayi mai laushi ma, direba mai nauyin ƙafa a totur zai ga MT ta haƙa rami ta binne shi. Akwai kuma RT (Rugged-Terrain) da ke tsakanin AT da MT. A ganinmu, motar da fiye da rabin tafiyarta kwalta ce, AT ta ishe ta.

Abin da ya fi kashe taya a daji yankan gefe ne, ba cinyewar haƙora ba. Don haka karanta rubutun jikinta. Harafin P a farkon lamba na nufin ginin motar fasinja, mai laushi da siririn gefe. LT ginin ƙaramar motar kaya ne, ya fi kauri. A cikin LT akwai matakai: C daidai da ƙarfin shimfiɗa 6 na zaren da ke cikin taya, D 8, E 10. Mutane da yawa na rugawa su sayi E, alhali a ƙaramar mota mara nauyi E tauri take yi, ta ƙi lanƙwasa a kan dutse, ta girgiza na ciki. C ko D sun fi dacewa da ita, a bar E ga motar da ke ɗaukar kaya ko jan tirela. Wasu tayoyi irin BFGoodrich KO2 da Cooper STT Pro an san su da gefe mai ruɓi uku, amma a tabbatar a girman da za a saya, don ba kowane girma ke zuwa da gini ɗaya ba. Lambar nauyi ma kada ta gaza wadda kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba: 115 na ɗaukar kilo 1,215, ita kuwa 121 kilo 1,450.

Batun girma, 265/70R17 na nufin faɗi milimita 265, tsayin gefe kashi 70 cikin 100 na faɗin, wili inci 17, tsayin taya gaba ɗaya kusan inci 31.6. In ka koma 285/70R17 ka kai inci 32.7. Ƙasan motar ya ɗaga da ɗan abin da ya wuce rabin inci kawai, ma'aunin gudu kuma zai riƙa nuna 100 kana yin kusan 103. Daga inci 35 lissafi ya sauya: taya na gogar bodi in an karya sitiyari har ƙarshe, birki da aksul na shan wuya, mota ta yi sanyin tashi sai an sauya giyar aksul. Wili kuwa ƙarami ya fi a daji, muddin bai taɓa birki ba. Gefen 265/70R17 milimita 185 ne, na 275/55R20 kuwa 151, kuma wannan gefen shi ne ke lanƙwasa ya kare wili.

Rage iska ya fi sauya zane tasiri, domin taya tana ƙara tsawon inda take taka ƙasa. Ga mota matsakaiciya, PSI (ma'aunin iskar taya) 25 zuwa 28 a tsakuwa, 18 zuwa 22 a dutse, 15 zuwa 18 a rairayi. Mai kaya da yawa ya tsaya a saman waɗannan lambobi. Ƙasa da 15, leɓen taya na iya zamewa daga wili a kwana mai kaifi, iska ta fice lokaci guda, sai in wilin mai zoben ɗaure leɓe ne. A rage gudu sosai, kuma a mayar da iska kafin a hau kwalta: taya mara iska a guje tana ɗaukar zafi, shimfiɗun cikinta su rabu, ta fashe daga baya ba tare da wata alama a waje ba. Wanda ba shi da geji da famfon lantarki a mota, bai shirya rage iska ba.

Sayi guda biyar iri ɗaya, girma ɗaya. In an kulle giyar ƙafa huɗu, aksul na gaba da na baya gudu ɗaya suke yi, taya mai tsayi daban tana matsa wa giya lamba har ta ci haƙora. A riƙa sauya musu wuri duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, har da safaya, musamman MT da haƙoranta ke cinyewa hawa-hawa. Kafin biyan kuɗi, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. Roba na tsufa ko a ajiye take, kuma masu ƙera taya da dama na cewa a sauya ta in ta kai shekara 10 ko da haƙoranta na nan.

Hudar ƙusa a tsakiyar zane, in ba ta wuce milimita 6 ba, igiyar faci za ta fitar da kai daji, daga nan mai faci ya cire tayar ya liƙe ta ciki. Yanka ko kumburi a gefe ba ya facuwa, domin zaren da ke riƙe da iska ne ya tsinke, sai dai a sa safaya.