Sharhi kan fim ɗin Gremlins: tsoro da dariya a daren Kirsimeti

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce na kalli Gremlins, fim ɗin Amurka na 1984 wanda Joe Dante ya ba da umarni, Chris Columbus ya rubuta labarinsa, kamfanin Steven Spielberg kuma ya shirya. Na daɗe ina jin ana yabonsa, amma ban yarda cewa ban tsoro da barkwanci za su sha inuwa ɗaya a fim ɗin biki ba, sai da na gani da idona.

Masifar ta shigo gidan ne a matsayin tsarabar Kirsimeti. Wani uba ya kawo wa ɗansa Billy wata 'yar halitta mai laushin gashi da faffaɗan kunnuwa, aka raɗa mata suna Gizmo, aka kuma gindaya sharuɗɗa uku: kada haske mai ƙarfi ya taɓa ta, kada ruwa ya jiƙa ta, kuma kada a ciyar da ita bayan sha biyun dare. Duk wanda ya tashi da sauraron tatsuniya ya san cewa sharaɗi irin wannan ba ya kai ƙarshen labari, saboda haka tun daga nan gabana ya fara faɗuwa. Ruwa ya zuba, halittar ta hayayyafa, 'ya'yan suka ci abinci a haramtaccen lokaci, suka rikiɗe zuwa korayen dodanni da suka hana garin Kingston Falls sakat.

Wurin da ya fi kama ni shi ne ɗakin girki. Waƙar biki tana tashi a hankali, cincin ɗin Kirsimeti yana jere a kan tebur, ga mahaifiyar Billy ita kaɗai riƙe da wuƙa, ta markaɗe dodo ɗaya a injin markaɗe, ta cusa wani cikin na'urar ɗumama abinci har ya fashe. Ina dariya, amma hannuna yana damƙe da kujera, domin dodannin 'yan tsana ne da aka ƙera aka motsa da hannu, ba zanen kwamfuta ba, shi ya sa ake ganin yauƙin jikinsu kamar a taɓa. Dariyar ta maƙale mini a wuya lokacin da Kate, budurwar Billy, ta ba da labarin mahaifinta, wanda ya yi shigar Santa, dattijon tatsuniyar Kirsimeti da ke shigo wa yara da kyauta ta bututun hayaƙi, don ya faranta wa iyalinsa rai, ya zame a cikin bututun hayaƙin gidan, wuyansa ya karye, ba a gano gawarsa ba sai bayan kwanaki. Wannan ɗan gajeren jawabi ya nuna mini cewa fim ɗin bai manta da waɗanda ranar biki ke fama wa tsohon miki ba.

Yana da nakasu, domin Billy ba shi da wani armashi, kuma shirmen dodannin a mashaya ya yi tsawo. Haka nan kyan fuskar Gizmo kan yaudari iyaye su ɗauka fim ɗin na yara ne, alhali ƙorafin da aka yi kansa yana cikin abin da ya sa aka ƙirƙiro matakin tace fina-finai na PG-13, mai gargaɗin iyayen yara 'yan ƙasa da shekara sha uku, a Amurka a wannan shekarar. 'Yar ƙanwata mai shekara bakwai ta rufe fuska da mayafi tana kiran "Kawu, kashe!", dole na dakatar, na ƙarasa shi bayan ta yi barci.