Wace gorar ruwa za ka saya in ka gaji da ledar fiya wata?

Mai shan fiya wata biyar a rana, leda 1,825 yake yarwa a shekara. In a Kaduna yake, ruwan damina ya kwashe su daga kwata zuwa Kogin Kaduna, shi kuma ya miƙa wa Kogin Neja, Neja ya ratsa Lakwaja ya je ya juye a Tekun Atilantika. Leda ba ta ruɓewa, dagargajewa take yi mitsi-mitsi, kifi ya haɗiye, kunkurun teku ya ɗauka abinci ne. Kifin ƙanƙarar da muke soyawa kuwa daga teku yake zuwa. Shi ya sa na koma cika gora daga gida.

Ta roba akwai arha, amma bar ta cikin mota a watan Afrilu ka ji ruwa ɗumi sal da warin roba. Ranar da ta tsage kuma sai ta bi sawun ledar. Ta alminiyum faɗuwa ɗaya ta lotsa. Ta gilashi, ba dai a gidan da ke da yara ba.

Ni dai ta silba mai bango biyu, irin ƙirar fulas, ita ce tawa. An zuƙe iskar da ke tsakanin bangon ciki da na waje, don haka zafin gari ba ya samun hanyar shiga. Ka zuba ruwan randa da safe, har la'asar da sauran sanyinsa. Nemi mai lita ɗaya, mai faɗin baki, yadda ƙanƙara za ta shiga, soso ma ya kai gindinta. Tana da ɗan nauyi, na yarda.

Sai dai jabu ya cika kasuwa, kuma ni an ci kuɗina. Na sayi wata mai walƙiya, mai shagon har da rantsuwa, na zuba zoɓo sau uku sai ga tsatsa ta fito a ciki. Silba mai kyau lambarta 304, wasu su rubuta 18/8. Akwai mai arha, 201, wadda tsami da gishiri ke saurin ci, kuma buga 304 a gindinta ba ya yi wa maƙeran jabu wuya. Kada ka dogara da gwajin maganaɗisu da ake ta yayatawa, wai in gora ba ta kama shi ba to mai kyau ce, domin ita ma 201 ba ta cika kama shi ba.

Leƙa ciki da fitilar waya, ka duba ko ɗinkin walda ya fito kaca-kaca. Ciro robar murfin ka shinshina. Sannan ku yi sharaɗi da mai kaya tun kafin kuɗi su bar hannunka: za ka je gida ka cika ta da tafasasshen ruwa, ka rufe minti 5. In jikinta ya ɗau zafi, babu komai tsakanin bangon sai iska, ka mayar masa da abarsa a ranar.