Labarin Sararin Samaniya ko Littafin Kiwon Kaji: Amsa ga Hajiya

Hajiya, barka da warhaka. Na ga tambayarki: yaronki ya gama sakandare yana jiran gurbin karatu, kina son saya masa littafi guda da zai ɗan raba shi da waya. Kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin ƙagaggen labarin kimiyya da littafin koyon sana'a, tunda yana maganar kiwon kaji amma bai fara ba tukuna.

Bari in fara da na sana'ar, don shi iyaye suka fi karkata gare shi, kuma da dalili. Amfaninsa a fili yake. Littafin kiwon kaji mai kyau zai gaya wa yaro lokacin yi wa 'yan tsaki rigakafin cututtukan Gumboro da Newcastle, da yadda ake ɗumama musu ɗaki a makonnin farko, da cewa kajin nama kan isa sayarwa cikin mako shida zuwa takwas, su kuwa masu ƙwai sai sun kai wajen mako 18 zuwa 20 kafin a ga ƙwan fari. Wanda ya san wannan ba zai zuba jarinsa yana tsammanin riba a wata ɗaya ba.

Sai dai irin wannan littafi yana da sharuɗɗa biyu. Na farko, ba ya zama a kai sai aiki yana hannu. Yaron da ba shi da ko kaza ɗaya zai karanta jadawalin rigakafi yau, jibi ya manta, don babu tsakon da ya kwana yana dubawa. Na biyu, yana tsufa, kuma yana da ƙasarsa. Wanda aka rubuta don manoman Ingila zai cika shafuka da maganar sanyin ƙanƙara, alhali abin da ke kashe mana kaji shi ne zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu. Magunguna ma suna canzawa, don haka duk mai sayen irinsa ya duba shekarar bugu. Mu a Zariya ma ba mu da dalilin neman na waje. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Samaru tana wallafa ƙananan littattafan wayar da kan manoma, ga kuma NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi, a Shika, inda aka samar da kazar ƙwai ta Shika Brown don ta jure yanayinmu. Ranar da ya tashi farawa, can za a nufa.

Labarin kimiyya kuwa ba ya jiran sai an sami jari. Kuma kada a ce mana baƙon abu ne. A nan garin kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka duniyar wata. Labarin wani yaro ne, Kilba, da wata halitta daga sama ta ɗauka ta yi yawo da shi sararin samaniya. Hausarsa mai sauƙi ce, ba shi da kauri, yaro zai iya gama shi a zama biyu. Abin da nake ƙauna game da shi shi ne yaron Bahaushe ne, da tunaninsa da tarbiyyarsa, ya je ya ga abin da ya fi ƙarfin saninsa. Ɗanmu da ya karanta wannan ba zai ƙara ɗaukar ilmin taurari a matsayin kayan wasu ba. Ki tambaya a shagunan littattafai na Sabon Gari da Tudun Wada, musamman masu ajiye tsofaffin bugun NNPC.

In Turancinsa ya zauna, akwai Binti na Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin ƙabilar Ibo da aka haifa a Amurka. Ya fito a 2015, ya kuma ci kyaututtukan Hugo da Nebula, waɗanda ake ba wa irin waɗannan labarai. Yarinya ce 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya, ta farko a cikin mutanenta da ta sami gurbi a wata babbar jami'a da ke wata duniyar, ta bar gida ba da sanin iyayenta ba. Akwai kumbo da yaƙi a ciki, amma abin da ke taɓa zuciya shi ne kewar gida, da yadda ta riƙe jan yumɓun da matan garinsu ke shafawa duk da kallon da ake yi mata. Yaron da ke dab da barin gaban mahaifiyarsa zuwa makaranta zai ga kansa a ciki. Zan so ki fara leƙa shi da kanki, don akwai wurin da aka zubar da jini, kuma fitar yarinyar a ɓoye magana ce da ya kamata ku tattauna.

To, in kuɗin na littafi ɗaya ne, ni labarin zan saya masa yanzu, in fara da na Umaru Dembo. Damuwarki ita ce ya saba da zama da littafi, kuma labari ne ke jan yaro ya buɗe shafi na gaba ba tare da an tsaya a kansa ba. Wanda ya saba da haka, littafin sana'a ba zai gagare shi ba in lokacinsa ya zo. Amma in kin ga ya riga ya gyara keji, ya fara tambayar kuɗin buhun abincin kaji, to a juya lissafin: ku je Samaru ku nemo na kiwon tun kafin 'yan tsakin su iso, labarin kuma a aro masa wajen malamin Hausa na makarantarsu.

Allah ya ba shi gurbin da yake nema, ya yi masa albarka.