Sharhi: hawan doki na kwanaki a gaɓar tekun Maroko, daga Essaouira zuwa Imsouane

Wannan tafiya ta cancanci kuɗinta, amma ga wanda ya iya zama a kan doki yana sukuwa. Masu shirya ta suna da barga a Diabat, ƙauyen da ke kudu da Essaouira bayan an haye rafin Ksob, kuma daga nan ake nufar kudu: Cap Sim, Sidi Kaouki, Tafedna, har Imsouane, inda ƙafar tsaunukan Atlas ke gangarowa cikin teku. Ana yin awa huɗu zuwa shida a kan sirdi kullum, mota tana gaba da kaya da tantuna da abincin dawaki. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Essaouira. Daga Marakesh bas ake shiga, tafiyar kamar awa uku.

Dawakin su ne abin da ya fi burge ni. Jinsin Barb ne da ruwa-biyunsa da na Larabawa, dangin dawakinmu na hawan salla, gajeru, masu ƙarfin ƙugu da taurin kofato, ba sa tuntuɓe a kan duwatsu. Yawancinsu ingarmu ne, don haka a bar tazarar tsawon doki ɗaya aƙalla tsakanin mahaya. Wanda ya bari nasa ya shinshini gindin na gaba, harbi zai biyo baya, kuma sau da yawa ƙaurin mahayi ne ke karɓa.

Wanda ya saba da sirdin gargajiya sai ya yi hattara. Nasu na Turawa ne, shimfiɗaɗɗe, ba tudu gaba ba tudu baya da zai tare mutum, zama da cinya ne kawai. Linzaminsu ma mai sauƙi ne, ba irin namu mai kaifi da ake zamiya da shi ba. Fizga ɗaya ba ta tsayar da doki a bakin teku. Sai mahayi ya zauna daram, ya riƙa ja yana saki, in abin ya ƙi ya karkatar da shi ya yi da'ira. A sake duba majayi bayan minti goma da tashi, domin doki yakan kumbura ciki lokacin ɗauri, ya sace daga baya, sirdi ya zame a kan gangara.

Inda na gane jagoranmu ya san aikinsa shi ne lokacin tashi. Teku na cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Sukuwa sai a kan jiƙaƙƙen yashi mai tauri da ruwa ya janye ya bari. Busasshen rairayi na sama yana nutsar da ƙafa, ya ja jijiyar doki, ya bar shi da ɗingishi na makonni. Akwai kuma wuraren da dutse ke shiga cikin ruwa, in teku ya cika babu mashiga sai an zagaya ta tudu. Duk mai shirya tafiyar da ya ce ƙarfe tara ake tashi kullum, ko me teku ke ciki, ban ba da shawarar a bi shi ba.

Bayan Sidi Kaouki hanya takan bar gaɓa ta hau tuddai, cikin dajin itacen argan da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerin wuraren kariya a 1998. Ƙasar kabilar Haha ce, masu jin yaren Tashelhit. Itacen argan gajere ne mai ƙaya, rassansa daidai fuskar mahayi, saboda haka dogon hannun riga da hular kwano dole ne. A hawan tudu a tashi kaɗan daga sirdi a riƙe geza, a gangara mai tsakuwa a sauka a ja doki. Jagora nagari ba ya jin kunyar cewa a sauka.

Iska kuwa ba wasa. Daga arewa take kaɗawa, shi ya sa tafiya kudu ta fi daɗi, tana bayan mutum. A Yuli da Agusta takan watsa yashi har ido ya kasa buɗuwa, gara Afrilu da Mayu ko Oktoba. Dare da sanyi ko da lokacin zafi ne, a zo da rigar sanyi da rawani.

Abinci ba laifi: tajin (nama da kayan lambu da ake dafawa a tukunyar ƙasa), gasasshen kifi, shayin na'a-na'a, da amlu, wato niƙaƙƙen almon da man argan da zuma. Salla ba ta da wahala, ana tsayawa.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne kayan hawa. Ruwan gishiri yana cin fata, kuma wasu igiyoyin likkafa sun bushe sun tsage a wajen huda. Hulunan aro ma sun tsufa, gara mutum ya zo da tasa. Kafin a biya kuɗi a nemi ganin bayan dokin ba sirdi, a shafa ƙashin bayan da wajen majayi a tabbatar babu miki ko kumburi, sannan a tambayi iyakar nauyin da suke ɗauka, wanda a yawancin barguna kilo 90 ne ko kusa da haka.