Wasiƙa daga Tampa: Ƙungiyar da ke Renon Gwanaye, Masu Kuɗi Su Ɗauke

Assalamu alaikum Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya a gida. Ka tambaye ni ko a nan Amurka ma ƙananan ƙungiyoyi suna fama da ciwon da ya daɗe yana damun magoya bayan Kano Pillars, wato da zarar yaro ya fara tashe sai a wayi gari ya koma inda aka fi kuɗi. Ba da ƙwallon ƙafa zan ba ka amsa ba, domin a wannan yanki na Filorida ba ita ce a gaba ba. Zan ba ka amsa da besbol, wasan da ake jefa ƙaramar ƙwallo a doke ta da gora, kuma ƙungiyar da nake kallo tun zuwana, wato Tampa Bay Rays, ita ce misalin da masana suka fi kawowa idan ana maganar cin wasa da ƙaramin jari.

Bari in fara da filin, domin daga nan matsalar take somawa. Gidansu na asali shi ne Tropicana Field da ke St. Petersburg, a ƙetaren gada daga Tampa. Rufaffen fili ne mai na'urar sanyaya iska, tikiti yana cikin waya, kowa da lambar kujerarsa, kuma tun 2019 ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati. Wanda ya saba da zafin rana da turereniya a ƙofar filin wasa na Sani Abacha zai ɗauka aljannar duniya ya shiga, har sai ya je sayen ruwan sha ya tarar kuɗin kwalba ɗaya ya kusa sayen katan guda a kanti. Ni dai gyaɗa da gugguru nake saya, saboda tsiran da suke sakawa cikin burodi sai mutum ya bincika naman da aka yi shi da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk wannan jin daɗi kujeru da yawa babu kowa a kai, har ta kai an rufe benen sama gaba ɗaya. A 2023, shekarar da suka ci wasa 99, mutum 19,704 ne kacal suka shiga kallon wasansu na farko a zagayen fitar da gwani. Sai Masu Gida suna tara cincirindon da Rays za su so su samu, su kuwa Rays suna da kayan aikin da Pillars ba su da shi. A Oktoban 2024 ma guguwar Milton ta yaye rufin filin, suka yi kakar 2025 a matsayin 'yan haya a ƙaramin filin da ƙungiyar New York Yankees take atisaye a Tampa.

Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, 81 a gida, don haka kujerar da ba a saya ba asara ce sau 81. Ga kuma kuɗin talabijin na gari, wanda bambancinsa ya fi na tikiti girma: Los Angeles Dodgers sun ƙulla yarjejeniyar sama da dala biliyan 8 ta shekara 25. Babu dokar da ta ƙayyade iyakar albashi a MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, sai dai haraji da ake ɗora wa wanda ya wuce wani adadi, da wani kaso da manya suke zubawa a raba wa ƙanana, kuma masu kuɗi suna biyan harajin ba tare da gezau ba. A Disambar 2023 Dodgers suka ba Shohei Ohtani kwantiragin dala miliyan 700 na shekara 10, wanda idan aka raba shi shekara-shekara ya yi daidai da abin da Rays suka biya dukan 'yan wasansu a wasu shekarun. Shekara guda bayan nan New York Mets suka ba Juan Soto dala miliyan 765.

To, ta yaya talaka yake zama a kasuwa ɗaya da waɗannan? Amsar tana cikin wata doka da babu irinta a ƙwallon ƙafarmu. Matashin da ƙungiya ta rena ba shi da ikon zaɓar inda zai tafi sai ya cika shekara shida a babbar gasa. A shekaru ukun farko ana biyansa kusa da mafi ƙarancin albashi, wanda a 2024 dala 740,000 ne, ko da kuwa shi ne gwanin gwanaye. A ukun da suka biyo baya albashinsa yana hawa, idan an kasa daidaitawa masu sulhu su yanke, amma har yanzu bai kai farashinsa na kasuwa ba. Ƙari a kan haka, ba a korar ƙungiya zuwa ƙaramin rukuni, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ne suka fi samun damar shiga gaba wajen zaɓen sababbin matasa. Ta haka Rays suka sami Evan Longoria a 2006 da David Price a 2007, suka tashi daga ƙarshen tebur suka kai wasan ƙarshe na World Series, wato karawar ɗaukar kofi, a 2008, inda Philadelphia Phillies suka doke su. Ka kwatanta da Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Pillars, ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010 tun kafin 'yan kallo su ƙoshi da ganinsa. Da a nan ne, da Kano ta more shi shekara shida.

Sai dai Rays ba sa jiran shekara shidan ta cika. Sun yi kama da mai kiwon rago da ya san ba shi zai yi layya da shi ba, don haka yana kai shi kasuwa a lokacin da ya fi daraja. A besbol ba kasafai ake sayar da ɗan wasa da tsabar kuɗi ba, musaya ake yi, a ba da gwani ɗaya a karɓi matasa biyu ko uku. Akwai wani jari guda da na bi sawunsa, kuma har yanzu yana ba ni sha'awa. A 2007 sun ba da Delmon Young suka karɓi Matt Garza, wanda ya taimaka musu zuwa wasan ƙarshe a 2008. A 2011 suka ba da Garza ga Chicago Cubs, Chris Archer yana cikin waɗanda suka karɓa. A 2018 suka miƙa Archer ga Pittsburgh suka sami Tyler Glasnow da wasu biyu, sannan a ƙarshen 2023 Glasnow ya tafi Dodgers aka kawo Ryan Pepiot. Shekara goma sha shida ana juya uwar kuɗi ɗaya ba ta karye ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ma sai ya sara musu. Inda suka yi jinkiri kuwa sun ga sakamako, domin Carl Crawford ya cika wa'adinsa ya tafi Boston a 2010 a kan dala miliyan 142.

Hanya ɗaya ta riƙe matashi ita ce a saye shekarunsa tun bai san darajar kansa ba. Longoria bai fi kwana shida a babbar gasa ba a 2008 aka sa masa hannu a kwantiragin shekara shida na dala miliyan 17.5, abin da daga baya ya zama araha ƙwarai. Yaron ya sami kwanciyar hankali ko da zai ji rauni gobe, ƙungiya kuma ta ɗauki kasadar cewa zai cika alkawarin da aka hango a jikinsa. Amma shi ɗin ma an musanya shi zuwa San Francisco a 2017. Milwaukee ta bi wannan hanya da Jackson Chourio, ta ba shi dala miliyan 82 kafin ya buga ko wasa ɗaya a babbar gasa, ta fi kowa cin wasanni a 2025, sannan Dodgers suka fitar da ita da cin wasa huɗu a jere.

A nan ne ra'ayina ya rabu da na masu yabon dabarar. Wasa 162 yana ba mai lissafi dama, saboda ƙananan ribobi suna taruwa, amma karawar ƙarshe, wadda ba ta wuce wasa bakwai, tana buƙatar gwanin da ba shi da na biyu, kuma irin wannan gwanin ne ake yawan sallama. A wasa na shida na World Series ɗin 2020, Blake Snell na Rays yana jifa kamar ba za a taɓa shi ba, ya fitar da mutum tara, Rays suna gaba da ci ɗaya. Koci Kevin Cash ya cire shi a zagaye na shida bisa ƙididdigar da ta nuna masu bugu sun fi gane mai jifa idan sun fuskance shi karo na uku. Dodgers suka farke nan take, suka ci 3 da 1, suka ɗauki kofi. Kafin shekarar ta ƙare an tura Snell San Diego. Har yau idan aka ta da zancen a wurin aski sai murya ta yi sama, kuma har yau Rays ba su taɓa ɗaukar kofin ba.

Ba na cewa ba ya yiwuwa. Florida Marlins sun doke Yankees a 2003 da matasa irin su Josh Beckett da Miguel Cabrera mai shekara 20, Kansas City Royals kuma sun ci a 2015 da yaran da suka rena tare. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. An musanya Beckett a 2005, Cabrera a 2007. Eric Hosmer da Lorenzo Cain suka bar Kansas City bayan 2017, ƙungiyar ta sha kashi sau 104 a 2018. Kuɗi ma ba ya tabbatar da kofi, domin Mets sun fi kowa kashewa a 2023 suka ƙare da rashin nasara 87. Bambancin shi ne mai kuɗi yana iya yin kuskure ya sake gwadawa baɗi, kamar yadda Dodgers suka ci a 2020 da 2024 da 2025, shi kuwa mai ƙaramin jari dole ne matasansa su nuna a lokaci ɗaya, ba tare da rauni ba, cikin shekara biyu ko uku, kafin albashinsu ya fi ƙarfinsa.

Wannan ya kawo ni ga rigar da ɗanka ya roƙa. Riga mai suna da lamba a baya tana da tsada sosai a nan, kuma na lura farashinta a kantuna yana faɗuwa warwas ranar da aka musanya mai sunan. Yarona ya tara kuɗinsa ya sayi ta Randy Arozarena, wanda ya buga ƙwallo 10 ta ƙetare shinge a zagayen fitar da gwani na 2020, sai ga shi a Yulin 2024 an tura shi Seattle. Yana saka ta har yanzu, amma ya daina tambayata wane ne sabon gwani. Saboda haka na sayo wa ɗanka riga biyu: ɗaya ta Arozarena da na samu a rabin kuɗi, ɗaya kuma babu suna a bayanta. Zan ba mai zuwa Kano bayan Sallah ya kawo muku. A gaida Inna da iyali baki ɗaya.