Wasiƙa daga Jamus: batun injin zarton da ka tambaya

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. A gaishe mini da Hajiya sosai. Mu ma nan Chemnitz lafiya lau, sai sanyi da ya fara kunno kai.

Na saurari saƙonka kan hoton Bismillar katakon nan da na turo wa Hajiya. Ka tambaye ni da wane inji na yanka ta, nawa ake sayar da shi, kuma in ya zo Kano zai ciyar da mutum ko kuwa kayan wasan Turawa ne kawai. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Injin ƙarami ne, a kan tebur ake ɗaure shi. Sunansa a nan Dekupiersäge, da shi za ka nema in kana leƙa kasuwanninsu na intanet. In ka gan shi yana aiki, keken ɗinki zai faɗo maka a rai: dogon hannu ya miƙo daga baya, a bakinsa an ɗaure siririn tsinken zarto mai tsawon santimita 13, yana hawa yana sauka, kai kuma kana juya katakon a kan faranti da hannu biyu kana bin layin zane. Masu mabuɗin gudu suna farawa daga wajen bugu 400 a minti har su haura 1,500. Inda ya sha gaban jigson da ke shagonka shi ne siririn yanka ta ciki. Sai ka huda ɗan rami a tsakiyar allon, ka kwance tsinken daga sama, ka zura shi ta ramin, ka mayar ka ɗaure, ka yanke abin da kake son cirewa ba tare da ka taɓa gefen allon ba. Haka aka fitar da cikin mim da ha na Bismillar. Yana cin katako har kaurin santimita 5, amma daɗinsa a kan siriri ne, daga milimita 3 zuwa 20.

A nan yawancin masu shi ba kafintoci ba ne. Tsofaffi ne da suka yi ritaya, da ma'aikatan da ke neman abin da zai ɗebe musu kewa a dogon daren hunturu. Yankin da nake yana gindin tsaunukan Erzgebirge, inda aka yi ƙarnoni ana haƙar azurfa da kuza. Da ma'adinan suka ja baya, mutanen suka koma sassaƙa da kayan wasan yara, har garin Seiffen ya yi suna a kai. Suna da wani ado mai siffar baka da suke jera wa fitilu su ajiye a taga lokacin Kirsimeti, Schwibbogen, wanda ya samo asali daga masu haƙar ma'adinai a ƙarni na 18, mutanen da ke shiga rami kafin gari ya waye su fito bayan rana ta faɗi. Na farkon na ƙarfe ne, na yanzu galibi filawud ne da aka yanka da irin wannan zarto. Bikinsu ne, ba namu ba, kuma ni ba na yanka siffar mai rai. Amma aikin hannun ya kai a tsaya a kalla. Wani dattijo maƙwabcina da ya ga ina yawan tsayawa a tagarsa shi ya fara nuna mini yadda ake riƙe katakon.

To ga kasuwar. Injin iri biyu ne, in an taƙaita. Akwai masu araha na kamfanoni irin su Einhell da Scheppach, wajen yuro 100 ko sama kaɗan, ana samunsu a manyan shagunan kayan gini kamar OBI da Hornbach da Bauhaus. Suna yanka, amma suna rawa a kan tebur, kuma canza tsinke a jikinsu yana cin lokaci. Sai kuma Hegner, wanda ake ƙerawa a Villingen-Schwenningen a kudancin ƙasar. Ƙaraminsa sabo yana cin ɗaruruwan yuro, manyan suna haura dubu. Ƙarfe ne zalla, ba ya jijjiga, kuma kamfanin yana sayar da kayan gyaransa ɗaya bayan ɗaya, har na tsofaffin samfura. Nawa na hannu ne, na saye shi ta dandalin Kleinanzeigen wajen wata mata da mijinta ya rasu ya bar shi a ɗakin ƙasa. Ya girme wa wasu yaran shagonka, har yau bai taɓa ba ni matsala ba.

Amma Yaya, abin da nake so ka riƙe shi ne ba injin ne ke sa aikin nan ya yi sauƙi a Jamus ba. Ƙananan abubuwan da ke kewaye da shi ne.

Na farko tsinken. Abu ne mai ƙarewa, yana dakushewa cikin ɗan lokaci, yana kuma karyewa, musamman a hannun ɗan koyo. A nan dozin-dozin ake sayar da shi, ko ƙunshi mai guda 144, kuma lamba-lamba ne: daga 2/0 mai siririn gaske har zuwa 12 na katako mai kauri. Ni 3 da 5 na fi kashewa. Akwai wanda aka juya 'yan haƙoransa na ƙasa suna kallon sama, don kada bayan allon ya tsattsage, wanda ke rage maka aikin sanfefa ƙwarai. Akwai murɗaɗɗe mai ci ta kowane ɓangare, sai dai layinsa ba ya fita tas. Na Pégas, da ake yi a Vallorbe ta ƙasar Suwizalan, su na fi yarda da su. In na yi oda da dare, kafin mako ya ƙare ɗan wasiƙa ya jefa mini su a akwati. Kuma ka lura, akwai tsinke mai ƙusa a kai da ƙasa, akwai marar ƙusa. Mai ƙusa ya fi sauƙin ɗaurawa amma ba ya shiga ƙaramin rami, saboda haka injin da ba ya karɓar marar ƙusa ba zai yi maka rubutu ba. Kada wani a Sabon Gari ya sayar maka da irinsa don ya ce ai duk ɗaya ne.

Na biyu katako, kuma a nan ne raina ke ɗan sosuwa in na tuna kasuwar katako ta Na'ibawa. Katakon da ake sayarwa na aikin cikin gida a nan an busar da shi a tanda, danshinsa yana wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Abin da aka rubuta a jiki shi za ka tarar: in an ce milimita 4, to 4 ne daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ka ba ma'aikaci awo, ya shigar da allon a inji ya yanka maka nan take, ka biya kuɗin abin da ka ɗauka. Ka fi ni sanin yadda namu yake. Katako ya taso daga kudu da ruwansa, ka yi aiki mai kyau da damina, iskar hunturu ta kaɗa ya tsage ko ya karkace, mai kaya ya dawo yana ganin laifinka. Ga filawud ɗin da in ka yanka sai ka ci karo da kogo a tsakiya. A aikin gado da kabad ana iya rufe wannan. A aikin siririn zarto ba a iya rufewa, domin wani wurin faɗin abin da ya rage bai wuce milimita 2 ba, in ya faɗo kan kogo ya ɓalle ke nan. Filawud ɗin da masu wannan aiki suka fi so shi ne na itacen da Jamusawa ke kira Birke, mai falle da yawa ba kogo. Da daga Rasha mafi yawansa ke zuwa, amma tun da Tarayyar Turai ta hana shigo da katakon Rasha a 2022 ya yi tsada, yanzu sai na ƙasashe irin su Finlan da Latbiya.

Wani abu da zai ba ka mamaki: akwai farin katako mai laushi da suke kira Abachi, suna yin bencin ɗakin gumi da shi saboda ba ya ɗaukar zafi. Obeche ne, wanda ka sani, daga dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. An busar da shi, an goge, an naɗe a leda, kuɗinsa ya ninka. Yana yankuwa lafiya lau a wannan inji. Wato kayan aikin yana wajenku, bushewa da gogewa ne babu.

Ta fuskar haƙƙin mai saye ma sun yi nisa. Duk sabon abin da ka saya a shago, doka ta ɗora wa mai shagon alhakin aibinsa har shekara biyu, in dai kana da shaidar saye kamar rasit. Abin da ka saya ta intanet kuma kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Na hannu da ka saya wajen mutum dai ba ruwansa, yadda ka gani haka ka ɗauka.

Sai dai kada ka ɗauka komai nasu ya fi. Hannun mutum a nan tsada gare shi. Sa'a guda ta mai gyara tana haura yuro 50, saboda haka injin yuro 100 in ya lalace bayan garanti ba mai buɗe shi, wajen zubar da kayan lantarki ake kai shi. Na taɓa kai injin huda wani shago don burushinsa ya cinye, aka ce kuɗin dubawa kawai ya kusa kuɗin sabo. A Kano yaron mai naɗin kwayil zai canza shi kafin ka gama gaisawa da maigidansa. In boris ya tafi za a samo a Ƙofar Ruwa, in ƙaramin ƙarfe ya karye makeri zai ƙera wani. Wannan arziki ne babba, ban san girmansa ba sai da na rasa shi. Ba a ciniki a shago, ba a bashi don an san mahaifinka. Ranar Lahadi shaguna a rufe, kuma a gidan haya ba ka isa ka tayar da inji ranar ba, haka ma daga ƙarfe goma na dare. Ko mutum ya iya aiki, buɗe shagon kafinta na kansa sai da takardar Meister, wadda ake samu bayan koyon sana'a na shekara uku da wani karatun a kai. Da ƙwarewarka ta shekaru, nan sai ka yi aiki ƙarƙashin wani.

Batun wuta kuwa labari ne mai daɗi. Lantarkin Jamus bolt 230 ne, daidai da na Najeriya, filogi kawai za a canza zuwa mai baki uku. Injin bai fi wat 100 da 'yan kai yake sha ba, ƙaramar inbata da sola za su riƙe shi yini guda, ba sai an tayar da janareta ba. In wani ya ce zai kawo maka DeWalt daga Amurka, inji ne mai kyau, amma na bolt 120 ne, sai da taransifoma. Kuma ni a ganina ka guji mai mabuɗin gudu, domin akwai ɗan allon lantarki a cikinsa da wutar NEPA mai hawa da sauka za ta iya ƙonawa, samun wani kuma sai an aiko daga nan. Ƙaramin Hegner mai gudu ɗaya ba shi da wannan allo, ba shi da burushi, kuma nauyinsa bai kai kilo 23 na jakar jirgi ba.

Zai ciyar da mutum? Shi kaɗai, ban ce ba. Aikin yana da jinkiri, kuma masu injin leza suna yanka sunaye a kan roba da MDF, allon garin katako da aka matse da gam, cikin minti kaɗan, da araha. Ba za ka yi tsere da su a can ba. Amma leza tana ƙona gefen katako ya yi baƙi, kuma ƙananan ba sa iya mai kauri. Inda nake ganin kuɗin shi ne a matsayin ƙari kan abin da kake yi: adon kan gadon amarya, ƙofar kabad mai huji-huji, marikin Alƙur'ani, dagin Arewa a jikin akwatin lefe, taswirar Najeriya mai jihohi 36 da yara za su riƙa haɗawa a makaranta, haruffan boko da na ajami. Guntayen maɗaci da kawo da kake bari yara su kwashe don girki, su ne kayan wannan aiki. Rubutun Larabci yana da wata dabara guda: ɗigo ba ya jingine da komai, in ka yanke faɗuwa zai yi. Ko dai ka manna haruffan da gam a kan wani allo mai duhu a baya, ko ka zaɓi rubutun Kufi mai kusurwa inda komai ke haɗe. Zayyanar da malamai ke yi a allon sauka kuma, da layukanta da murabba'anta, kamar don wannan inji aka tsara ta, kuma ban ga mai yinta a nan ba.

Ka sa yara su riƙa ɗaura takunkumi, garin da yake fitarwa laushi gare shi kuma fuska tana kusa da aikin. Na MDF ya fi muni saboda gam ɗin da ke ciki.

Shawarata ita ce kada ka turo kuɗin sabo. Zan ci gaba da duba na hannu, in na samu mai lafiya in haɗa shi da tsinke ƙunshi biyu, lamba 3 da lamba 5, da ƙarin maƙallan tsinke don su ne ke saurin ɓata, in ba wa mai zuwa gida. Kai kuma tun yanzu ka sa a tsaga maka obeche da maɗaci sirara, wajen milimita 6 da 10, a jera su a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsawa, a ɗora nauyi a sama, su samu hunturun bana. Ka zaɓi yaro ɗaya mai haƙuri da natsuwar hannu, ko da ba shi ne mafi ƙarfi a shagon ba. Sannan ka ɗauko mini hoton allon saukarka da ke ɗakin Hajiya, daga gaba sosai kuma da rana, ina so in fitar da zanen a takarda in haɗa da kayan.

A gaida Anti da yara, da duk mutanen layi. Allah ya ƙara buɗi.

Wassalam,
ƙaninka.