Gargaɗi kan masu sayar da filaye a wasan kwamfutar da babu shi

Ina rubuta wannan gargaɗi ne domin masu sha'awar wasannin kwamfuta na tsara dabaru, musamman irin waɗanda ake sauke mutum a wata duniya mai nisa, a ba shi mutane kaɗan da kayan aiki ƙalilan, a ce ya kafa gari ya raya shi. Akwai wasu 'yan damfara da suka ɗana tarko da sunan wani sabon wasa irin wannan, kuma tarkon ya kama ni, sannan ya kama abokaina biyu ta hanyata. Ambaton sunan da suka raɗa wa wasan ba zai amfani kowa ba, domin sun rufe shafin kwanaki kaɗan bayan abin ya faru, kuma daga baya na sake cin karo da hotunan nan da alkawuran nan a ƙarƙashin wani suna dabam. Salon aikinsu ne ba ya canzawa, shi ya sa zan bayyana shi dalla-dalla.

Na daɗe ina irin waɗannan wasanni. Na fara ne da Sid Meier's Alpha Centauri, wanda kamfanin Firaxis ya fitar a shekarar 1999, inda ƙungiyoyi bakwai da suka rabu a cikin kumbo ɗaya suke sauka a baƙuwar duniya, kowace da aƙidarta, suna fama da juna kuma suna fama da jan tsiron da ya lulluɓe ƙasar. Daga baya na shafe dare da yawa a kan Surviving Mars na shekarar 2018, ina lissafin ruwa da iskar shaƙa da wutar lantarki kafin in yarda in sauke mutum ko ɗaya a cikin rumfunan gilashi. Duk wanda ya saba da waɗannan wasanni ya san cewa suna koya wa mutum haƙuri da jiran sakamako, kuma wannan ɗabi'a ce 'yan damfarar suke amfani da ita. Sun san za mu iya biya yau mu zauna jiran abin da aka ce zai zo baɗi ba tare da mun yi ƙorafi ba.

Abin ya fara ne da saƙo a Discord, manhajar hira da masu wasanni suke yawan amfani da ita, daga asusun wani abokina da muka shekara muna wasa tare. Ya rubuto cewa yana taimaka wa wani ƙaramin kamfani gwada sabon wasansu, kuma ya san irin wanda nake so ne, don haka ya roƙa mini gurbi cikin masu gwaji. Da sunan abokina da hotonsa saƙon ya zo, tsofaffin hirarrakinmu kuma suna nan a samansa, saboda haka ban ga dalilin yin shakka ba. Sai daga baya na san cewa an riga an ƙwace asusunsa tun kwana ɗaya kafin nan, kuma wanda yake yi mini magana bai taɓa sanina ba.

Shafin da ya tura ni ya ƙayatar ƙwarai. Akwai taswirar duniya mai launin shuɗi da ruwan goro an yanka ta gida-gida, akwai jerin binciken kimiyya da mai wasa zai bi daga tace ruwa har zuwa sauya yanayin duniyar gaba ɗaya, akwai kuma zanen wasu halittu masu ƙafafu shida da aka ce su ne 'yan asalin wurin. A ƙasa sai aka jera abin sayarwa, kuma a nan ne cinikin biri a sama yake. Suna sayar da filaye a wannan duniya, kowane fili da lambarsa, ana cewa wanda ya saya tun yanzu zai mallake shi har abada, duk mai wasan da ya haƙa ma'adini a cikinsa kuma sai ya biya shi wani kaso. Filayen da ke kusa da wurin saukar kumbo sun fi tsada, an kuma sa agogo yana ƙirga sa'o'in da suka rage kafin farashi ya ninka. Hanyar biya guda ɗaya ce tak, wato kuɗin kirifto, kuɗin intanet da ba sa bi ta banki. Ban sayi fili ba, amma ɗaya daga cikin abokaina ya saya, kuma kuɗin da aka tura ta wannan hanya ba su da mai dawo da su, domin babu banki a tsakani da za a kai wa kuka.

Ni ta ƙofa ta biyu aka shigo mini. An ba ni fayil ɗin gwaji kyauta, an matse shi kuma an kulle shi da kalmar sirri, aka rubuto mini kalmar a cikin saƙo. Da manhajar riga-kafin kwamfutata ta nuna jan gargaɗi, sai mutumin ya ce kada in damu, wasan sabo ne da ba a kammala rajistarsa ba, in dakatar da riga-kafin na minti biyar kawai. Na dakatar, na danna fayil ɗin. Wata baƙar taga ta buɗe na ɗan lokaci ta rufe, sannan aka nuna rubutu cewa an sami matsala, a sake gwadawa gobe. Babu taswira, babu kumbo, babu kiɗa. Na gaya masa bai yi ba, ya ce zai sanar da masu aikin, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba. Washegari da safe na tarar an fitar da ni daga Discord, an canza imel ɗin da ke kan asusuna na Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta na intanet, kuma saƙon da aka turo mini, kalma da kalma, an aika shi da sunana ga duk wanda ke cikin jerin abokaina.

Ya kamata a fahimci abin da fayil ɗin ya yi a cikin waɗannan 'yan daƙiƙoƙi, domin mutane da yawa suna ganin idan sun sa matakin tsaro na biyu, wato lambar da ake turowa ta waya, to sun tsira. Irin wannan muguwar manhaja tana kwashe kalmomin sirrin da mutum ya adana a burauza, tana kwashe bayanan lalitar kirifto idan akwai, sannan tana ɗaukar 'yar shaidar nan da shafi yake ajiyewa a kwamfuta bayan mutum ya shiga, wadda ita ce take sa ba a sake tambayarsa kalmar sirri kullum. Wanda ya sami wannan shaida yana iya shiga wasu asusun kamar shi ne mai su, ba tare da an nemi lambar waya ba. Kulle fayil da kalmar sirri kuwa dabara ce ta hana manhajar riga-kafi ganin abin da ke ciki kafin a buɗe. Babu wani kamfanin wasa na gaskiya, komai ƙanƙantarsa, da zai ce wa mutum ya kashe riga-kafinsa kafin ya gwada wasa.

Bayan hankalina ya kwanta na koma na duba hotunan da na adana daga shafin, kuma abin da na gani ya ƙona mini rai, domin alamun suna nan a fili tun farko. Ɗaya daga cikin hotunan gari rumfunan gilashi ne irin na Surviving Mars, an juya hoton daga dama zuwa hagu, an sauya jan ƙasar Mars ta koma shuɗiya. Rubutun da ke gefen taswirar, da na faɗaɗa shi, haruffa ne da ba sa ba da wata kalma, irin wanda manhajojin ƙirƙirar hoto suke fitarwa. A duk shafin babu bidiyo ko na minti ɗaya da ya nuna mutum yana danna gini yana ajiye shi a kan taswira, lambobin ruwa da abinci suna hawa suna sauka. A ganina wannan ne ya sa wasannin dabaru suka fi sauƙin yi wa jabu: wasan tsere ko na faɗa sai an nuna motsi kafin a yarda da shi, amma mu taswira mai kyau da dogon jerin bincike sun isa su sa mu fara tsara garinmu a zuci. Mun yi wa rogo kallon kitse ne saboda mun saba da ganin wasa a tsaye.

Akwai kuma wata ƙarya da ta isa ta tona asirinsu ita kaɗai. Sun rubuta da manyan baƙaƙe cewa wasan yana nan tafe a Steam, alhali kamfanin Valve mai Steam ya hana wasannin da ke bayarwa ko musayar kuɗin kirifto da kadarorin NFT, wato shaidar mallakar wani abu na intanet da ake ciniki da ita ta tsarin kirifto, a dandalinsa tun watan Oktoba na shekarar 2021. Wasan da aka gina a kan sayar da filaye ta wannan hanya ba shi da wurin zama a can. Ban da wannan, sa wasa a Steam dala 100 ne kawai kuɗin rajistarsa, saboda haka kamfanin da yake iƙirarin ya tara dubban masu saye amma ba shi da ko shafi a kantin, akwai abin da yake gudu. Abin da yake gudu kuwa shi ne ƙa'idar mayar da kuɗi, wadda ta ba mai saye damar karɓar kuɗinsa cikin kwana 14 muddin bai yi wasan ya kai awa biyu ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa duk ƙaramin kamfanin da ya nemi kuɗi kafin ya gama aiki macuci ne, domin hakan zalunci ne ga mutanen da suka ba mu wasu daga cikin wasannin da muka fi so. Wasan RimWorld ya nemi tallafin jama'a a Kickstarter, shafin tara gudummawa don sababbin ayyuka, a shekarar 2013, ya shiga Steam a matsayin wanda ba a kammala ba a 2016, bai cika ba sai a 2018. Factorio shi ma ya shiga Steam a 2016, ya kammala a watan Agustan 2020, kuma yana da samfurin gwaji kyauta a shafinsa. A duk waɗannan shekaru akwai wasa na zahiri a hannun mutane, ana yin sa, ana nuna shi a bidiyo, ana sukarsa, masu aikin kuma an san sunayensu kuma suna amsa tambaya. Mutanen da suka yaudare mu ba su da fuska ko ɗaya da za a iya bincikawa, kuma abokina da ya tambaya a zauren hirarsu yaushe za a nuna wasan yana tafiya, an goge tambayarsa aka kore shi cikin minti kaɗan.

Wani reshen wannan damfara da ya dace a ambata a taƙaice shi ne sayar da lambobin kunna wasa da araha fiye da kima. Sau da yawa da katin banki na sata ake sayen lambobin, idan mai katin ya kai ƙara sai a soke su, wasan ya ɓace daga asusun wanda ya saya. A shekarar 2020 G2A, wata kasuwar intanet da ake sayar da irin waɗannan lambobi, ta amince cewa an sayar da lambobin Factorio 198 na haram ta dandalinta, ta biya kamfanin Wube, mai wasan, dala 39,600. Manyan kantuna ma ba a rufe ido a cikinsu, domin a watan Fabrairun 2025 Valve ya cire wani wasa mai suna PirateFi daga Steam bayan an gano muguwar manhaja a cikinsa. Duk da haka a can akwai wanda zai cire wasan ya kuma sanar da waɗanda abin ya shafa, abin da ba za a samu ba daga fayil ɗin da aka turo ta saƙo.

Wanda ya riga ya buɗe irin wannan fayil, ya cire kwamfutar daga intanet nan take, ya ɗauki wata na'ura dabam wadda abin bai taɓa ba, ya fara canza kalmar sirrin imel ɗinsa kafin komai, domin ta imel ake ƙwace sauran asusun. Bayan nan ya canza na Steam da Discord da duk inda ya taɓa adana kalmar sirri a burauza, ya kuma zaɓi fitar da duk sauran na'urorin da ke cikin asusun. Idan akwai katin banki da aka adana, a sanar da banki a dakatar da shi. Kwamfutar kuwa ni ban yarda da gogewar sama-sama ba, na share ta gaba ɗaya na sake ɗora mata tsarin aiki. Asusuna na Steam ya dawo ta shafin taimako na help.steampowered.com, bayan na nuna shaidar wani saye da na yi shekarun baya, don haka duk wanda yake da tsofaffin rasit na imel ya adana su. Kwana biyu da faruwar abin wani ya rubuto mini yana cewa shi ma'aikacin tsaro ne, zai dawo wa abokina kuɗin filinsa idan an biya shi wani abu tukuna. Wannan ma damfara ce ta biyu da ake yi wa wanda aka riga aka cuta, kuma ma'aikatan Valve ba sa neman mutum ta Discord ko ta hirar abokai.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne abokaina biyu da suka buɗe saƙon saboda sunana ne a kansa. Tun daga lokacin muka yi yarjejeniya a tsakaninmu cewa duk wanda ya sami fayil ko adireshin shafi daga ɗan'uwansa, sai ya kira shi a waya ya ji muryarsa kafin ya danna. Da na kira abokin da saƙon ya zo mini daga asusunsa a wannan dare, da ya gaya mini cewa tun jiya ba ya iya shiga asusunsa.